An sallami ƙanina daga sojan Amurka da OTH saboda wiwi, ana iya gyara takardar?

Yayar_Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karatu a wannan zaure ban taɓa rubutu ba, yau dai dole ta sa. Ƙanina ya shiga sojan ƙasa na Amurka a watan Agustan 2016, ya je Afganistan ya dawo. Tun da ya dawo ya canza, ba ya barci, ba ya son hayaniya. Gwajin fitsari ya kama shi da wiwi har sau biyu, aka rage masa igiya, daga ƙarshe a watan Maris na 2021 aka sallame shi. A takardar sallamarsa ta DD 214 an rubuta OTH, kuma a layin dalili an rubuta rashin ɗa'a saboda shan ƙwaya. Duk inda ya nemi aikin kirki aka ce ya kawo takardar sai ya fasa. Ya ce wani saje ya faɗa masa bayan wata 6 za ta gyaru da kanta. Mun yi shekaru muna jira. Don Allah wanda ya san hanya ya taimaka. Mahaifiyarmu har yanzu ta ɗauka wa'adinsa ne ya cika.

TsohonSaje82:
Wa alaikumus salam. Yaya, ki fara cire zancen wata 6 ɗin nan daga ranki. Babu shi, ba a taɓa yin sa ba. Ƙarya ce da ta girme ni a bariki, ana faɗa wa yara ne don su sa hannu a wuce wurin. Takarda ba ta gyara kanta, sai an nema. Tunda bai kai shekara 15 da fita ba, hukumar sake duba sallama ta sojan ƙasa ce gidansa na farko, kuma fom ɗin shi ne DD 293. Ba a biyan ko sisi.

Abu_Nana:
Wai mene ne OTH ɗin? Ni na ɗauka ko dai an kore ka ko ba a kore ka ba.

TsohonSaje82:
@Abu_Nana hawa biyar ne. Na sama Onarabul, ba irin na 'yan majalisa ba fa. Sai Janaral, wato ka fita da mutuncinka amma da ɗan tabo. Sai OTH, wanda shi ne mafi muni da za a iya ba mutum ba tare da kotu ba. Sauran biyun, BCD (sallamar mugun hali) da Disonarabul, kotun soja ce kaɗai take yanke su. Mafi yawan masu matsalar fitsari a ofis ake gama da su, ba sa ganin kotu.

GaskiyaDaya:
Ku yi haƙuri zan faɗi abin da ba a son ji. Ya san doka. Tun ranar farko ake gaya wa kowa babu ƙwaya a soja, sashe na 112a na dokar soja ne, ba wanda bai sani ba. Sau ɗaya a ce tsautsayi, amma sau biyu? Akwai waɗanda suka je fagen daga sau uku suka dawo ba su taɓa komai ba. In aka ba shi Onarabul irin tasu, ina adalcin?

Maman_Haidar:
Haba GaskiyaDaya, baiwar Allah ta zo neman hanya, ba ta zo neman alƙali ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kai ka san abin da yaron ya gani a can?

GaskiyaDaya:
Hajiya ban ce a yar da shi ba. Cewa na yi kada a ruɗe ta da cewa abu ne mai sauƙi.

Barista_HM:
A nan kam ina tare da GaskiyaDaya a rabin maganarsa. Ba abu ne mai sauƙi ba. Hukumar tana farawa ne da ɗaukar cewa duk abin da rundunar ta yi daidai ta yi shi, mai ƙorafi ne zai kawo hujjar akasin haka. Ƙofa biyu ce kawai. Ta farko, a nuna an saɓa ƙa'ida wajen sallamar, misali ba a sanar da shi haƙƙinsa ba, ko an yi amfani da shaidar da doka ta hana. Ta biyu, a nuna cewa ko da an bi ƙa'ida, hukuncin ya yi tsauri idan aka auna shi da dukan aikin da ya yi.

Inda ban yarda da shi ba shi ne zancen adalci, domin ma'aikatar tsaron Amurka da kanta ta sauya ma'auni. A 2014 sakataren tsaro Chuck Hagel ya ba da umarni a sassauta wajen duba ƙorafin waɗanda ke fama da PTSD, ciwon firgici da ke biyo bayan tashin hankali. A watan Agustan 2017 takardar Kurta, wani babban jami'in ma'aikatar, ta faɗaɗa abin, ta haɗa da raunin ƙwaƙwalwa da sauran lalurorin tabin hankali da cin zarafi ta hanyar lalata. Ta ba hukumomin tambayoyi 4: shin mutumin yana da wata lalura ko ya gamu da wani abu da zai iya zama uzuri? Shin hakan ya faru yana cikin aiki? Shin da gaske abin yana bayyana laifin da ya yi? Shin nauyinsa ya rinjayi dalilin sallamar? Kuma takardar ta ambaci cewa neman abin maye don mutum ya yi wa kansa magani yana iya zama alamar ciwon. Yaya, abin da kika ce na rashin barci bayan Afganistan, nan ne ƙarfinku yake. Amma sai likita ya duba shi ya rubuta.

Wannan ba shawarar lauya ga wanda yake karewa ba ce, bayani ne kawai.

Yayar_Sadiq:
Na gode Barista. Matsalar ita ce bai taɓa zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa yana soja ba. Ya ce in ka je abokanka za su ce ka zama rago. Ko yanzu in na ce ya je sai ya ce shi ba mahaukaci ba ne.

Barista_HM:
Rashin zuwa likita a lokacin bai rufe ƙofa ba. Takardar Kurta ta yarda da ganewar likita da aka yi bayan an bar aiki, ta yarda da shaidar 'yan uwa da abokan aiki, har bayanin shi kansa ana ɗaukarsa a matsayin shaida. Ke ma za ki iya rubuta wasiƙa ki faɗi yadda yake kafin ya tafi da yadda ya dawo. Kada ki rubuta "ya canza" kawai. Ki rubuta abin da idonki ya gani.

Jirgin_Ruwa:
Bari in ba da nawa labarin ko zai yi amfani. Ni sojan ruwa na yi, su kuma can ba wasa, gwaji ɗaya ya isa a fara shirin sallamarka. Na fita da OTH a 2012. Karo na farko na cika fom ni kaɗai a teburin kicin da dare, na rubuta layi uku: na yi nadama, ina da iyali, a taimaka. Bayan dogon jira amsa ta zo, a'a. Na jefa ambulan ɗin a cikin akwatin takalma na manta da shi kusan shekara 4.

Karo na biyu wata ƙungiyar lauyoyi masu taimaka wa tsoffin sojoji kyauta ce ta riƙe min. Lauyar ta sa na nemo dukan fayil ɗina da fom SF 180, har da na asibiti. Muna zaune tana juya shafuka sai ta tsaya a wani shafi ta juyo min da shi. Ashe wata 5 kafin gwajin na taɓa gaya wa ma'aikacin jinya na jirgi cewa ina farkawa cikin gumi, ya rubuta da hannunsa, ni har na manta. Wannan rabin shafin ya fi duk roƙon da na yi a baya. Na haɗa da takardar kammala shirin daina shaye-shaye, da sakamakon gwaje-gwaje masu tsabta, da wasiƙar maigidana na wurin aiki. Na nemi a saurare ni baki da baki. Wani daga cikinsu ya tambaye ni kai tsaye, ka sha ko ba ka sha ba? Na ce na sha. Janaral suka ba ni, ba Onarabul ba. Na yi kuka a mota duk da haka.

Maman_Haidar:
Allahu akbar. Allah ya ƙara rufa asiri, Jirgin_Ruwa.

Dan_Gari_TX:
Ni shawarata mai sauƙi ce. Ya ce CBD ya sha, sinadarin nan na tsiron wiwi da ba ya bugarwa, bai san akwai wiwi a ciki ba. Ko ya ce burodi mai 'ya'yan fofi ya ci. Ai ita kanta ma'aikatar tsaro ta fitar da gargaɗi a kan haka.

TsohonSaje82:
Kai Dan_Gari kada ka jefa yaro a rami. Gargaɗin da kake faɗa an yi shi a watan Fabrairun 2023, gaskiya ne, amma a kan kodin ne, wanda ake samu a tsiron fofi. 'Ya'yan fofi ba sa nuna wiwi a fitsari. CBD kuma an hana sojoji shi gaba ɗaya, ka ga ya fita daga wani laifi ya faɗa wani. Sannan fayil ɗinsa yana gabansu. In ya riga ya amsa laifi a lokacin hukuncin kwamanda, yau ya zo da sabon labari, sun gama da shi. Mutanen nan fayil ɗari nawa suke karantawa, ba irin tatsuniyar da ba su ji ba.

Dan_Gari_TX:
To na janye. Amma ai wiwi ya halatta a jihohi da yawa yanzu. Kuma Biden ya yi afuwa ga masu laifin wiwi.

Barista_HM:
Afuwar da Biden ya yi a watan Oktoban 2022 ta masu laifin mallakar wiwi ce a ƙarƙashin dokar tarayya ta farar hula da ta birnin Washinton, ba ta shafi dokar soja ba. Kuma ƙanin Yaya ba kotu ce ta kama shi ba balle a yafe masa. Amma ka taɓo wani abu. Takardar Wilkie, shi ma babban jami'in ma'aikatar tsaro a lokacin, ta watan Yulin 2018 ta ce wa hukumomin su lura cewa nauyin laifi yana iya sauyawa da zamani, kuma wiwi ne misalin da ta kawo: har yanzu haramun ne a soja, amma ana iya kallonsa da sauƙi fiye da da. Ita ce kuma ta ba da muhimmanci ga halin mutum bayan ya fita, aiki, karatu, zaman lafiya da doka, amsa laifi. Wanda ba shi da hujjar PTSD ma yana iya kafa ƙorafinsa a kanta.

Ummu_Zahra:
Ni tambayata daban ce. Kafin a kama shi, ya taɓa kai kansa ya ce yana da matsala? Mijina ya kai kansa shirin magance shaye-shaye na sojan ƙasa tun ba a kira shi gwaji ba. Daga baya da suka zo sallamarsa sai aka sa maganar da ya yi wa mai ba da shawara a cikin takardun. Ashe dokarsu, AR 600-85, ta hana amfani da irin wannan bayani a kan soja, kuma in rundunar ce ta shigar da shi, sai dai a ba shi Onarabul. Mu ba mu sani ba sai da wani wakilin DAV, ƙungiyar nakasassun tsoffin sojoji, ya gani. Da wannan kaɗai aka gyara masa. A duba fayil ɗin da kyau.

Yayar_Sadiq:
@Ummu_Zahra na tambaye shi yanzu, ya ce a'a, sai bayan gwajin farko aka tura shi. Ya kuma ce an ba shi zaɓin zama gaban kwamiti amma ya sa hannu ya yafe, wai ya gaji yana son ya tafi gida.

TsohonSaje82:
Haka yawancinsu suke yi. Wanda za a ba OTH yana da haƙƙin kwamiti ya saurare shi, da lauyan soja kyauta, amma yaro ya gaji, an ce masa wata 6, sai ya sa hannu. Tsaya ma tukuna. Kin ce 2016 zuwa 2021. Kwantiragi nawa ya yi? Ya sake rantsuwa a tsakani?

Yayar_Sadiq:
Eh, ya sabunta a 2019, ina da hoton ranar ma.

TsohonSaje82:
To alhamdulillahi, ga abin da ya kamata mu fara tambaya tun ɗazu. Ki ɗauko DD 214 ɗin ki duba akwati na 18, wurin ƙarin bayani. Ki ga ko an rubuta cewa ya yi aiki cikin mutunci daga rana kaza zuwa rana kaza. Wa'adin farko da ya gama lafiya yana nan a matsayinsa, OTH ɗin na wa'adi na biyu ne. Kuɗin karatu na GI Bill sai da Onarabul ake samu, Janaral ma ba ya bayarwa, amma ana iya samunsa ta wa'adin farko. Wata 36 ne ke ba da kashi 100, wata 30 kashi 90, wata 24 kashi 80. Ya nema tun yanzu, ba sai ya jira hukuma ba.

Yayar_Sadiq:
Wallahi yana nan! An rubuta daga 2016 zuwa 2019. Shekara nawa takardar nan tana cikin jakata ban taɓa karanta wannan layin ba.

Nurse_Bilki:
In ƙara a kan na Saje. Mutane suna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Gyaran takarda aikin rundunar soja ne. Amma VA, ma'aikatar kula da tsoffin sojoji, tana da nata binciken na daban a kan masu OTH, tana iya cewa a wurinta aikin mutum ya isa a ba shi magani da diyyar rauni ko da takardar ba ta canza ba. Sun sassauta ƙa'idar a watan Yunin 2024, suna duba yanayin da ya tura mutum ga laifin. Kuma in VA ta amince ciwon daga aiki ya samo asali, wannan hujja ce mai ƙarfi a gaban hukumar. Cibiyoyin Vet Center kuma suna karɓar waɗanda suka je fagen daga don tattaunawa, ba asibiti ba ne, wataƙila ya fi yarda da can tunda yana gudun a ce masa mahaukaci.

Yaya, wanda ba ya barci kuma yana ganin ya kunyata gida, a riƙa sa masa ido. In kin ji wata magana da ta tayar miki da hankali, 988 sai a danna 1. Ba sa tambayar irin takardar da mutum ya fita da ita.

Alhaji_Bronx:
Ni abin da ya fi damuna ba wanda ya taɓo shi. Yaron ɗan ƙasa ne? Ta wace hanya ya samu? Yaranmu da yawa da katin zama suke shiga soja.

Yayar_Sadiq:
Baba, ta hanyar soja ya samu, a 2017.

Barista_HM:
Alhaji ya yi tambaya mai nauyi. Dokar shige da fice ta ce wanda ya zama ɗan ƙasa ta hanyar aikin soja ana iya karɓe masa idan aka sallame shi da OTH kafin ya cika shekara 5 yana aiki cikin mutunci. Daga Agustan 2016 zuwa Maris 2021 bai cika ba, saura 'yan watanni. Kada hankalinki ya tashi, "ana iya" ne, ba ya faruwa da kansa, sai gwamnati ta shigar da ƙara a kotun tarayya. Amma wannan ya sa ko Janaral aka ba shi ba ƙaramar nasara ba ce. Kuma kafin ya rubuta wata doguwar wasiƙar amsa laifin shan ƙwaya ya sa hannu, lauyan shige da fice ya karanta ta tukuna.

Jirgin_Ruwa:
Barista yanzu ka rikita ni. Ni na ce ya faɗi gaskiya, kai kana cewa ya yi hattara.

Barista_HM:
Ba saɓani. Ban ce ya musa ba. Ya amsa abin da ke cikin fayil, gwaji biyu, kada ya ƙaro tarihin da ba wanda ya tambaye shi.

GaskiyaDaya:
Na karanta duka. Har yanzu ina ganin wasu suna fakewa da PTSD, kuma hakan yana cutar da masu ciwon na gaskiya. Amma in likita ya tabbatar, ba ni da ja. Abu ɗaya, Yaya: shi yake son a gyara ko ke? Domin shi zai zauna a gabansu.

Yayar_Sadiq:
Wannan tambayar ta taɓa ni. Gaskiya ni ce ke matsawa. Amma da na tura masa hoton akwati na 18 ya kira ni, karon farko da ya yi maganar soja bai kashe waya ba.

Abu_Nana:
To in hukumar ta ƙi fa, shi ke nan?

TsohonSaje82:
A'a. Dabarar ita ce ka fara neman a duba takardu kawai. In sun ƙi, kana da damar neman a saurare ka, yanzu har ta waya ko bidiyo ake yi. In ka fara da sauraro ka ƙone harsashi ɗaya. Bayan nan akwai hukumar gyaran bayanan soja da fom DD 149, wadda ita ce kuma gidan wanda ya wuce shekara 15 ko wanda babbar kotun soja ta sallama. Wa'adinta shekara 3 ne daga lokacin da ka gano kuskuren, amma suna iya ɗage shi. Waɗanda suka fita daga 20 ga Disamban 2019 zuwa yau suna da ƙarin hukuma guda a sama, DARB, bayan sun gama da waɗancan biyun. Ƙanin Yaya yana ciki.

Ummu_Zahra:
Ni ban yarda da fara aika takardu haka kawai don a gwada ba. Jirgin_Ruwa ya gwada ya ɓata shekaru. Gara a ɗauki wata 6 ana tara hujja a aika sau ɗaya mai kyau. Kuma a fom ɗin kada a tsaya kan OTH kaɗai, a nemi a canza layin dalili, akwati na 28, da lambar JKK ta shan ƙwaya da ke akwati na 26. Akwai wanda aka ɗaga masa zuwa Janaral amma kalmar shan ƙwaya tana nan zaune, duk mai ɗaukar aiki sai ya gani.

Jirgin_Ruwa:
Ni ne wannan, Ummu_Zahra. Ban nema ba, ba su canza ba. Yanzu DD 149 nake shirin cikawa saboda layin nan ɗaya.

Maman_Haidar:
Ni kuma maganar mahaifiyarku ce ta tsaya min. Uwa ta fi ku sanin ɗanta, ina kyautata zaton ta sani tuntuni shiru kawai ta yi. In za a nemi wasiƙun 'yan uwa, wa ya fi ta sanin yadda yake kafin ya tafi?

Yayar_Sadiq:
Hajiya wannan sai shi ya yanke, ba zan riga shi ba. Yau dai mun cika SF 180 tare ta waya. @Jirgin_Ruwa don Allah ka turo min sunan ƙungiyar lauyoyin nan ta akwatin sirri. @Barista_HM lauyan shige da fice za mu fara gani ko na tsoffin sojoji?

Barista_HM:
Duk wanda ya fara ba ku lokaci. Amma kada komai ya tafi hukumar sai su biyun sun gani.

Dan_Gari_TX:
Saje, tambaya a gefe. Ɗan yayata ya fita da Janaral daga sojan sama, lambarsa ta komawa aiki ta hana shi sake shiga. Shi ma DD 293 ɗin ne?